Wai sai ka zama mawaƙi kafin labarinka ya yi armashi?

Ƙanwata mai rubuta labarai a waya ce ta tsare ni da tambayoyi jiya a gidanmu nan Ƙofar Ƙaura, na ce bari in rubuto amsoshin ko wani zai ƙaru.

Yaya, wai mene ne hoto cikin rubutu?

Shi ne ki sa mai karatu ya gani da idonshi, ya ji ƙamshi, ba wai ki faɗa mishi kawai ba. Malaman adabi suna ce mishi adon harshe, akwai kamantawa, siffantawa, mutuntarwa da sauransu. Ai ko kirarinmu na "Katsina ta Dikko ɗakin kara" siffantawa ce, gari guda aka maida ɗaki.

To ai ina sawa, na ce tauraruwar fara ce kamar wata ɗan daren sha huɗu.

Nan fa matsalar take wallahi, wannan watan ya gaji, kowace budurwa a littattafan soyayya shi ake jingina mata, idanu kamar madara, hawaye kamar an kunna famfo, mai karatu tsallakewa yake ko lura bai yi. Ki ɗauko abin da ke kika gani. Ki tuna safiyar hunturu da hazo ke rufe Hasumiyar Gobarau sai kanta kawai ake hange, leɓe ya tsage, yara sun kewaye mai ƙosai suna jin ɗumi. In kika ce gidan ya yi tsit bayan tafiyarta kamar Katsina da asubar hunturu, duk Bakatsine zai ji sanyin a jikinshi.

Tarihin rayuwa fa, ba ƙarya ba ce in na ƙawata?

A'a, in dai ba ki ƙirƙiro abin da bai faru ba. Ni da zan rubuta Goggo ba zan ce "tana da kirki" ba, kowa haka yake cewa. Hannunta zan rubuta, ƙamshin daddawa da ba ya fita ko ta wanke da sabulu, da yadda take kwance bakin zani ta ciro naira biyar duk ta dunƙule ta miƙo mana muna fita makarantar allo.

Sau nawa zan riƙa sawa?

Kamar kanwa a miyar kuka, ɗan kaɗan. In faɗa ake ko ana gudu, bar kwalliya ki tafi kai tsaye. Ta ce to zata goge watan, amma madarar idon sai ta yi shawara tukuna.