Puebla: Tsohon Birni a Ƙasar Meksiko da Ziyarar Kwana Uku

Puebla (ana furta shi kamar "Puwebla") babban birnin jiha ce mai wannan suna a tsakiyar ƙasar Meksiko, kimanin kilomita 130 kudu maso gabas da Birnin Meksiko. Yana kan tudu, sama da mita 2,100 daga doron teku, kuma daga yammacinsa ana hango manyan duwatsu biyu, Popocatépetl da Iztaccíhuatl. Na farkon mai aman wuta ne, har yanzu yana fitar da hayaƙi da toka. A ƙidayar 2020 mazauna ƙaramar hukumar sun kusa miliyan 1.7. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Kusancinsa da babban birnin ƙasar, da yadda kayan tarihinsa suka taru wuri guda, su suka sa ya zama inda mutane ke nufa idan hutun ƙarshen mako ya ƙaru da kwana ɗaya.

Asali da tsarin gari

Sifaniyawa ne suka kafa Puebla a 1531, shekara goma bayan sun rusa daular Aztek. Garuruwa da yawa na wancan zamani an ɗora su ne a kan kufan biranen 'yan ƙasa. Puebla kuwa fili aka samu aka auna da igiya, aka yanka shi murabba'i-murabba'i, domin ya zama mazaunin Sifaniyawa kuma zango tsakanin tashar jiragen ruwa ta Veracruz da Birnin Meksiko. Sunansa na da Puebla de los Ángeles, garin mala'iku, bisa wata tatsuniya da ke cewa mala'iku ne suka shata titunansa a mafarkin wani limamin coci.

Wannan tsari shi ne babban abokin baƙo. Titunan lamba suke da su, haɗe da kusurwa: Norte arewa, Sur kudu, Oriente gabas, Poniente yamma. Lamba mai raba daidai, irin 2, 4, 6 Oriente, tana arewa da dandalin tsakiya da ake kira Zócalo, mara raba daidai kuma tana kudu. Wanda ya gane wannan a ranar farko da wuya ya ɓata.

Hutun "gada"

Mutanen Meksiko na kiran dogon hutun ƙarshen mako puente, wato gada. Doka ta mayar da ranakun hutu uku zuwa Litinin: Litinin ta farko a Fabrairu domin tsarin mulki, ta uku a Maris domin haihuwar Shugaba Benito Juárez, da ta uku a Nuwamba domin juyin juya halin 1910. A irin waɗannan kwanaki masauki kan cika, motoci ma haka, saboda haka sai an kama wuri tun da wuri. Akwai kuma tarkon da ke kama baƙi: yawancin gidajen tarihi a Meksiko ba sa buɗewa ranar Litinin. Mai kwana uku ya fi dacewa ya gama da su Asabar da Lahadi, ya bar coci-coci da kasuwa da yawon titi zuwa ranar ƙarshe.

Daga tashar mota ta TAPO a Birnin Meksiko, manyan bas na kai mutum tashar CAPU ta Puebla cikin awa biyu ko fiye kaɗan, in ba a haɗu da cunkoso ba. Akwai kuma masu tashi kai tsaye daga filin jirgin saman babban birnin. Puebla na da nata filin jirgin a Huejotzingo, sai dai tokar Popocatépetl kan sa a rufe shi jefi-jefi. Damina daga Mayu ko Yuni take zuwa Oktoba, ruwan kuma ya fi sauka da la'asar. Daren Disamba da Janairu akwai sanyi sosai.

Tsakiyar gari

Babban cocin Puebla yana kudu da Zócalo. An fara gininsa a ƙarni na 16, aka keɓe shi a 1649 a zamanin Bishop Juan de Palafox y Mendoza, hasumiyoyinsa biyu kuma sun kai kusan mita 70. Amma abin da Palafox ya bari da ya fi jan hankalin mai son ilimi yana bayan cocin, a titin 5 Oriente. A 1646 ya ba da littattafansa 5,000 da sharaɗin duk wanda ya iya karatu a bar shi ya shiga, ba malaman coci kaɗai ba. Wannan shi ne ɗakin karatu na Palafoxiana, wanda ake ɗauka a matsayin ɗakin karatun jama'a na farko a nahiyar Amurka. Yanzu yana da littattafai sama da 45,000 a kan kantoci na katako hawa uku. Girgizar ƙasar 1999 ta yi masa ɓarna, aka gyara, UNESCO kuma ta sa shi cikin kundin ajiyar tarihin duniya a 2005. Ɗaki ɗaya ne dogo, rabin awa ya isa a zagaye shi, amma mutum kan fito yana waiwaye.

Tafiyar 'yan mintuna zuwa arewa akwai cocin Santo Domingo, inda ɗakin ibada na Rosario yake, wanda aka kammala a 1690. An lulluɓe bangonsa da rufinsa da zanen filasta da ruwan zinariya har ido ya rasa inda zai huta. Wasu na ganin ƙawar ta yi yawa, kuma suna da hujja. Gidan tarihi na Amparo ya fi natsuwa: kayan mutanen ƙasar ne tun kafin zuwan Turawa, da bene a sama inda ake kallon ƙubbobin gari.

A titin 6 Oriente akwai gidan iyalan Serdán. A nan ne ranar 18 ga Nuwamba 1910 aka yi musayar wuta tsakanin Aquiles Serdán da 'yan'uwansa da jami'an gwamnatin Shugaba Porfirio Díaz, kwana biyu kafin ranar da aka sa domin fara tawaye. Ramukan harsashi na nan a bango. Titin dai shi ne na masu alewa, inda ake sayar da camote, alewar dankalin Hausa da aka dafa da sukari aka naɗe kamar sigari.

Yaƙin 5 ga Mayu

A kan tudun arewa maso gabas akwai sansanoni biyu, Loreto da Guadalupe. Ranar 5 ga Mayu 1862 sojojin Meksiko ƙarƙashin Janar Ignacio Zaragoza suka fatattaki rundunar Faransa, wadda ta fi su makamai da horo. Nasarar ba ta daɗe ba. Zaragoza ya mutu da zazzaɓi a shekarar, Faransawa suka dawo a 1863 suka yi wa garin ƙawanya wata biyu har ya faɗi. Duk da haka ranar ta zauna, sunan garin a hukumance ma Puebla de Zaragoza ne. Da yawa a Amurka na ɗaukar Cinco de Mayo, wato bikin 5 ga Mayu, a matsayin ranar 'yancin Meksiko, alhali ranar 'yanci 16 ga Satumba ce.

Tangaram na Talavera

Gidajen tsohon gari an yi musu ado da tayil mai fari da shuɗi da rawaya. Sana'ar shafa wa yumɓu farin ƙyalli ta bi hannun Musulmin Andalus ta zauna a Sifaniya, daga garin Talavera de la Reina kuma ta ƙetaro zuwa Puebla a ƙarni na 16. UNESCO ta amince da ita a matsayin gadon al'adu na ƙasashen biyu a 2019. Na ainihi da hannu ake zana shi, yana da tsada, kuma ana rubuta sunan masana'antar a gindinsa. Mai arha da ke jibge a kasuwar El Parián galibi kwaikwayo ne.

Abinci

Sunan Puebla ya fi fita a kan mole poblano, miya baƙa mai kauri da ake haɗawa da busasshen barkono iri-iri, riɗi, kayan ƙamshi da ɗan cakulan, a zuba a kan kaza ko talotalo. Chiles en nogada wani babban tattasai ne kore da ake cusa wa nama da 'ya'yan itace, a rufe da farar miyar goro irin na Turai (walnut) da 'ya'yan rumman, launin tutar ƙasar ke nan. Daga Yuli zuwa Satumba ake samunsa. Cemita burodi ne mai riɗi da nama da cuku da fiya.

Musulmi na bukatar kula a nan. Tacos árabes, duk da sunan Larabawa da ke kansu, yau da naman alade ake yin su; baƙi daga Gabas ta Tsakiya ne suka kawo salon gasa nama a tsaye irin na shawarma a farkon ƙarni na 20, daga baya aka sauya naman. Kitsen alade, manteca, yana shiga wake da mole da soye-soye da dama. Kalmomin da za a tambaya su ne cerdo ko puerco, sai manteca.

Cholula

Ƙasa da kilomita 15 yamma da Puebla akwai Cholula, garin da ya girme ta da ƙarnuka masu yawa, inda Hernán Cortés, jagoran mayaƙan Sifaniya, ya yi kisan kiyashi a 1519. Dalarsa ita ce mafi girman jiki cikin dalolin duniya, ko da yake ta Giza a Masar ta fi ta tsayi nesa. Kowane ɓangaren gindinta ya kai mita 400. Wanda ya zo neman dala mai tsini irin ta gyaɗa zai ga tudu ne kawai mai ciyawa, da coci rawaya a kansa, na Nuestra Señora de los Remedios, wanda Sifaniyawa suka ɗora a ƙarshen ƙarni na 16. Masu binciken tarihi sun haƙa ramuka kusan kilomita 8 a cikinta, suka gano dala ce a kan dala, kowane zamani ya rufe na gabansa da tubalin laka. Rabin yini ya wadatar, kuma da sassafe ya fi, kafin gajimare ya rufe Popocatépetl.