Tsaftar barci

Tsaftar barci suna ne da likitoci suka ba ɗabi'un yau da kullum da ke sa mutum ya sami barci mai daɗi, ya tashi jikinsa garau. Ta ƙunshi lokacin kwanciya da na tashi, ci da sha, hasken da ido ke gani, da yanayin makwanci. Babban mutum na bukatar aƙalla awa 7 a dare, matashi 8 zuwa 10, ɗan firamare kuwa 9 zuwa 12.

Tarihi

Ladubban barci sun girmi kimiyyar barci nesa ba kusa ba. A hadisin Abu Barza da Buhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ba ya son barci kafin Isha'i, ba ya kuma son hira bayanta. An kwaɗaitar da yin alwala kafin a kwanta, da kwanciya ta gefen dama, da ƙailula, wato ɗan kishingiɗar tsakar rana. Masanin tarihi Roger Ekirch ya nuna cewa kafin zuwan lantarki Turawa da yawa barci biyu suke yi: su kwanta da wuri, su farka tsakar dare su yi addu'a ko ɗan aiki, su sake komawa barci. Mai tashi tahajjudi ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Binciken zamani ya kankama ne a Jami'ar Shikago, inda a 1953 Nathaniel Kleitman da ɗalibinsa Eugene Aserinsky suka gano matakin barcin da ido ke kai-kawo da sauri a ƙarƙashin fatarsa, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. A 1958 Aaron Lerner ya ware sinadarin melatonin, wanda ke ƙaruwa a jiki idan duhu ya yi. Jerin shawarwarin da aka sani yau ana danganta shi da Peter Hauri, wajen 1977, kodayake kalmar tsaftar barci ta bayyana a rubuce tun kafin nan. A 2017 Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka sami kyautar Nobel saboda bayanin yadda agogon jiki ke aiki.

Agogon jiki

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gurbi da ke lissafin dare da rana, kuma haske ne ke saita shi. Idan duhu ya yi, melatonin ya ƙaru, zafin jiki ya ɗan sauka, sai gyangyaɗi ya zo. Shi ya sa tashi a lokaci guda kullum, har ranar hutu, da fita a sha hantsi, suke gaba da kowace dabara. Wanda ya saba tashi sallar Asuba ya riga ya sami rabin abin. Matsalarsa ita ce hirar dare da ke kai shi ƙarfe ɗaya.

Ci da sha

Kafin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro, yana toshe hanyar adenosin, wanda shi ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya jawo barci. Bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini. Dattijon da ya ɓare goro bayan Magariba, ko saurayin da ya zauna teburin mai shayi ƙarfe goma ya ce a zuba masa Nescafé, bai kamata ya yi mamakin juye-juye a kan katifa ba. Taba ma tana hana barci. Giya na kawo barci da wuri amma tana yayyanka shi. Tuwo mai nauyi dab da kwanciya yana tayar da ƙwannafi.

Makwanci

Ana son wuri mai duhu, shiru, da sanyi-sanyi. A bazara, lokacin da ɗakin kwano ke riƙe zafi har tsakar dare, watsa ruwa kafin kwanciya da shimfiɗa a tsakar gida cikin gidan sauro suna taimakawa ƙwarai. Masana sun yi saɓani kan girman illar hasken waya. Sun fi haɗuwa a kan cewa danne-dannenta na cinye lokacin barci.

Motsa jiki da ƙailula

Motsa jiki da rana na ƙara nauyin barci. Ƙailula kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kada kuma ta kai yamma.

Iyakarta

Tsaftar barci ita kaɗai ba ta cika warkar da rashin barcin da ya zama ciwo ba, wato wanda ya kai dare 3 a mako har wata 3. Irin wannan sai an ga likita, kuma abin da ake fara gwadawa shi ne horon sauya tunani da ɗabi'a, kafin a kai ga ƙwaya. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa alama ce ta wani ciwon daban mai alaƙa da hawan jini, kuma sau da yawa abokin kwana ne ke fara lura da shi.