Ramin Wuta na Tsakar Gida

Ramin wuta wuri ne da ake haƙawa ko ginawa a fili domin a hura wuta a cikinsa, ta ci ba tare da ta tsallaka zuwa abin da ke kewaye ba. Ana amfani da shi wajen jin ɗumi, da gashi, da zaman hira da dare. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai: a kogon Ƙesem da ke Isra'ila, masu binciken kufai sun gano murhun da aka yi ta hura wuta a cikinsa kimanin shekaru 300,000 da suka wuce.

Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda ake nutsa shi cikin ƙasa, akwai kuma wanda ake ɗaga masa katanga a bisa ƙasa. Na biyun ya fi sauƙin kulawa, domin yaro ko baƙo ba zai auka ciki cikin duhu ba.

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. Ana so ramin ya yi nisan aƙalla mita 3 daga gini, shinge da rassan bishiya, amma ƙa'idar kariyar gobara da birane da yawa ke bi a Amurka ta kai nisan har mita 7.6. A duba kada a haƙa kan bututun ruwa ko wayar lantarki, kuma a guji gindin bishiya, saboda saiwa tana iya ci da wuta a ɓoye cikin ƙasa kwana da kwanaki. Ba a gina shi ƙarƙashin rufaffiyar rumfa, don iskar kabon monoksaid da wuta ke fitarwa ba ta da ƙamshi balle wari, kuma tana kisa.

Ginin kansa bai da wuya. A kafa turke a tsakiya, a ɗaura igiya, a zana da'ira mai faɗin mita 1 ko kusa da haka. A haƙa zurfin santimita 15 zuwa 30, a daddaɓe ƙasan, sannan a zuba tsakuwa mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Tsakuwar nan ita ce ke tsotse ruwan sama. In babu ita, ramin zai koma kududdufin toka. Daga nan sai a jera layin farko na bulo, a tabbata ya kwanta daidai, domin duk karkatar da aka bari a ƙasa sai ta ƙaru a sama. Kowane bulo na layi na gaba ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙarƙashinsa. Layi uku ko huɗu sun isa, wato tsayin santimita 30 zuwa 45. A layin ƙasa a bar 'yan kafofi uku ko huɗu domin iska ta shiga. Rashin waɗannan kafofin yana cikin abubuwan da ke sa rami ya turnuƙe mutane da hayaƙi.

Inda masu gini suka fi yin kuskure shi ne zaɓen dutse, kuma kuskure ne mai iya cire ido. Wutar itace tana kai zafin digiri 600 a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ta doshi 1,000. Duwatsun da aka kwaso daga rafi, duk da santsinsu da kyansu, suna riƙe da ruwa a cikin ƙananan kafofinsu. Idan ruwa ya zama tururi yana kumbura kusan ninki 1,700, kuma in bai sami mafita ba sai dutsen ya fashe, ɓaraguzansa su yi tsalle. Haka dutsen farar ƙasa da dutsen yashi suke, haka kuma bulon siminti, wanda ke tsagewa yana ɓarewa idan wuta ta daɗe tana lasarsa. Abin da ya dace da ɓangaren ciki shi ne bulon da aka gasa musamman don jure wuta, ko kuma zoben ƙarfe mai kauri. Ƙarfen kada ya zama wanda aka shafe da sinadarin zinki don hana tsatsa, domin zinkin yana fitar da hayaƙi mai cutar da huhu idan ya yi zafi. Ta waje kuwa, kowane bulo na iya zama ado.

Itacen da za a ƙona ya zama busasshe, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Ana fara wutar da ƙirare, ba da fetur ba. Katako mai fenti, ko wanda aka jiƙa da maganin gara, da roba da leda, duk ba sa shiga ramin.

Kafin a tashi, a baza garwashin, a yayyafa ruwa sannu a hankali, a juya, a ƙara, har sai ƙarar cuuu ta ɗauke. Rushi yana iya kwana da rai a ƙarƙashin toka, shi ya sa ake kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye nesa da gini.