Tukuici mai ɗorewa a wasannin jarumta na intanet

Tukuici mai ɗorewa shi ne ladan da ɗan wasa ke samu bayan ya kammala wani aike a wasannin intanet da mutum ke taka rawar jarumi, wanda amfaninsa ba ya ƙarewa ko da jarumin ya ƙara mataki. Kishiyarsa shi ne ladan wucin gadi, kamar kuɗin wasa ko takobin da za a jefar da zarar an tsinci wanda ya fi shi.

Wasan da aka fi buga misali da shi shi ne RuneScape, na kamfanin Jagex da ke Ingila, wanda ya fito a 2001. A cikinsa, manyan aike-aike ƙofofi suke buɗewa. Wanda ya gama aiken Lost City ya samu izinin shiga birnin Zanaris ke nan har abada. Desert Treasure na ba da wani kundin sihiri na daban, Recipe for Disaster kuwa safar hannu da aka yi shekaru ana lissafa ta cikin mafi inganci. Shi ya sa tsofaffin 'yan wasa ke tuna labarin waɗannan aike-aike daki-daki, domin kullum suna cin moriyarsu.

Wasan World of Warcraft na kamfanin Blizzard, na 2004, ya bi wata hanya. Da ƙarinsa na farko, The Burning Crusade, ya fito a Janairun 2007, sai ga ƙananan aike na sabon yanki suna ba da kayan da suka zarce da yawa daga sulkunan da aka yi watanni ana fafutukar samu. Dalilin masu ƙira yana da tushe: sabon shiga ya iya cimma na gaba. Sai dai hakan na sanyaya gwiwar wanda ya sha wahala, har daraja ta koma kan abin da ba ya tsufa, wato laƙabi da dabbobin hawa da tufafin ado.

A Kano batun ya fi nauyi. Yawancin masu wasa a waya suke yi, data da kuɗi ake sayenta, caji kuma sai an kawo wuta. Matashin da ya ƙarar da datar mako a kan aike guda yana da haƙƙin ya tarar da ladansa da amfani bayan shekara. Old School RuneScape, wato RuneScape na tsohon salo, wanda ya hau waya a 2018, har yanzu a kan tsarin tukuici mai ɗorewa yake.