Trochilidae: dangin tsuntsayen da ke tashi da baya

Idan masana halittu suka ce Trochilidae, suna nufin dangin ƴan ƙananan tsuntsayen nan da ake kira hamingbad, masu tsayawa cak a iska suna zuƙar ruwan zaƙin fure, har su ja da baya idan sun ƙoshi. Nau'insu ya haura 350, kuma duk a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har Tierra del Fuego. Tsuntsayen shan fure na Afirka da Asiya sun yi kama da su, amma dangi daban ne, sana'a ce kawai ta zo ɗaya. Ƴan'uwan hamingbad na jini su ne tsattsewar dangin Apodidae.

Abin mamakin shi ne inda aka tono kakanninsu. A 2004 wani masani, Gerald Mayr, ya bayyana burbushin ƙasusuwan wani daɗaɗɗen hamingbad da ake kira Eurotrochilus, mai shekara kusan miliyan 30, kuma a Jamus aka same shi, ƙasar da yau ko ɗaya ba ta da shi a daji. Binciken ƙwayoyin halitta da Jimmy McGuire da abokan aikinsa suka fitar a 2014 ya nuna hamingbad sun rabu da tsattsewa shekara wajen miliyan 42 da suka wuce, su kuwa na yanzu sun fito ne daga kaka guda da ya rayu a Kudancin Amurka shekara kusan miliyan 22 baya. Binciken ya kasa su gida tara.

A ganina duwatsun Andes na Kudancin Amurka ne suka yi rabin aikin yawaita nau'o'insu. Suna ɗagawa suna samar da kwazazzabai da tsaunuka, kowanne da furanninsa, tsuntsayen kuma suna rarrabuwa. Shi ya sa Kolombiya da Ekwado suka fi kowa yawan nau'o'i. A can ne nau'in da ake kira Ensifera ensifera yake, wanda bakinsa ya fi gangar jikinsa tsawo saboda furanni masu zurfi. Da ƙafa yake gyara gashinsa, don bakin ya yi masa tsawo.

Wajen girma ma akwai tazara. Na Kuba, wanda ya fi kowane tsuntsu ƙanƙanta a duniya, nauyinsa kusan giram 2 ne, shi kuma Patagona na Andes yana kaiwa giram 20.