Sa wa wurin shaƙatawa na bakin tafki sunan mai kare muhalli: ga amsoshin tambayoyinku

Duk ƙungiyar da ta yi niyyar neman a sauya wa wurin shaƙatawa na bakin ruwa suna, irin na bakin tafkin Jabi a nan Abuja, don karrama wani da ya ƙarar da rayuwarsa wajen kare itatuwa da ruwa, tambayoyinta ba sa wuce waɗannan. An amsa su har baki ya gaji. Ga su a rubuce, a karanta kafin a sake tambaya.

Wai ana iya sauya wa wurin gwamnati suna?

Ana iyawa. A ranar 12 ga Yunin 2019 aka mayar da babban filin wasa na ƙasa da ke Abuja filin MKO Abiola, kuma sunan ya zauna.

To mu haɗa kuɗi mu rubuta allo mu je mu kafa?

Kada ku soma. Sashe na 297 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ƙasar Babban Birnin Tarayya ta gwamnatin tarayya ce. Allon da ba shi da takardar izini tumɓuke shi za a yi, kuɗinku ya bi ruwa, kuma kun ɓata wa buƙatarku suna tun ba a fara duba ta ba.

Sai mutum ya rasu ake sa sunansa?

Ba dole ba ne, amma ya fi. Mai rai yana iya shiga siyasa gobe, ko ya karɓi kwangila daga kamfanin da yake yaƙa jiya, a bar ku da allo da jin kunya. In ya rasu, ku nemi yardar iyalinsa a rubuce, da sa hannun wanda gidan ya wakilta. Ku tambaye su yadda ake rubuta sunan daidai, harafi da harafi. Abin takaici ne a tara jama'a a yaye ƙyalle, ɗiyar mamacin ta ga an karkata sunan mahaifinta.

Wa za mu kai wa takardar, ƙaramar hukumar AMAC ko ofishin Ministan Abuja?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma duk wanda ya ba ku amsa da kalma ɗaya bai yi muku adalci ba.

Ga inda ruɗanin yake. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, a ciki har da raɗa wa tituna suna, da sa wa gidaje lamba, da kula da lambuna da wuraren shaƙatawa. Abuja tana da ƙananan hukumomi 6: AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, kuma Jabi a cikin AMAC take. Wanda ya tsaya a nan zai ce magana ta ƙare, AMAC za a nufa. Sai dai a cikin ƙwaryar birni, filayen da tsarin gari ya ware a matsayin korayen wurare suna hannun FCTA ne, wato hukumar gudanar da Babban Birnin Tarayya, ta sashenta na kula da wuraren shaƙatawa, Ministan Abuja kuma shi ne a samansu. Saboda haka, a yawancin lokuta, lambun da ke cikin birni sai da amincewar Minista, wanda ke cikin garin Kuje ko Kwali kuwa mai yiwuwa shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa su iya yanke hukunci. Na ce a yawancin lokuta, don ya danganta da abin da takardar filin ta ƙunsa.

Akwai kuma mutum na uku da ake yawan mantawa da shi. Da yawa daga cikin wuraren shaƙatawa na Abuja an ba 'yan kasuwa hayarsu su gudanar. Mai haya ba shi da ikon sauya sunan da gwamnati ta sani, amma ya kashe kuɗi yana tallata wurin da wani suna, kuma in aka tsallake shi yana iya zama ƙadangaren bakin tulu. Ku same shi da wuri.

Shawarata ita ce, kafin ku rubuta buƙatar komai, ku fara gano lambar filin da wanda ke riƙe da shi. Ana bincika wannan a ofishin AGIS mai ajiye bayanan filayen Abuja. Kuna kuma iya rubuta wa sashen kula da wuraren shaƙatawa a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kada ku sa rai kullum za a cika kwana bakwan, amma takardar tana zama hujja a hannunku. In ta tabbata filin na FCTA ne, ku rubuta wa Minista, ku ba sashen kwafi, ku ba shugaban AMAC da kansilan mazaɓar kwafi. In na ƙaramar hukuma ne, ku juya tsarin. In kuma abin ya ƙi fitowa fili, ku kai wa duka biyun a rana ɗaya, kowace takarda ta nuna an ba ɗaya ɓangaren kwafi. Ba laifi ba ne, kuma yana hana a yi ta tura ku daga wannan ofis zuwa wancan.

Kowane ofis kuka je, ku tafi da kwafi biyu. A buga muku hatimin karɓa mai kwanan wata a kan naku, ku rubuta lambar fayil in an buɗe. Takardar da ba ta da hatimin karɓa, a wurin ma'aikaci, ba a taɓa kawo ta ba.

Me za mu saka a cikin takardar?

Wasiƙa shafi ɗaya. Tarihin mutumin shafi biyu, kada ya wuce, mai ɗauke da abin da ya yi da shekarun da ya yi shi, ba kirari ba. Takardar yardar iyali. Lambar fili da hotunan wurin. Sunan da kuke so, ɗaya tak. Sai bayanin wanda zai biya kuɗin allo da gyara.

Sa hannun mutum nawa ake so?

Ba yawa ake dubawa ba, su wane ne suka sa. Sa hannu dubu biyar na intanet daga mutanen da ba su taɓa taka bakin tafkin ba bai kai ɗari biyu na masu zuwa motsa jiki da safiyar Asabar, da masunta, da masu kwale-kwale, da masu sayar da abinci a ƙofa ba. Kowa ya rubuta sunansa da unguwarsa. Kuma ku je gaishe da masu sarautar gargajiya na yankin da ƙafafunku, kada ku aika yaro da takarda.

Dole mutumin ya zama ɗan Najeriya?

Ba dole ba, titunan Abuja cike suke da sunayen shugabannin wasu ƙasashe. Abin da za a tambaye ku shi ne alaƙarsa da wurin. Dubi Wangari Maathai ta Kenya: ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a 1977, a 1989 ta tsaya kai da fata ta hana a gina bene mai hawa 60 a lambun Uhuru na Nairobi, ta karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2004. Duk abin da aka sa wa sunanta a Nairobi, ba mai neman bayani. Haka Ken Saro-Wiwa, wanda aka rataye ranar 10 ga Nuwamban 1995 bayan gwagwarmayarsa kan gurɓatar ƙasar Ogoni: kwalejin kimiyya da fasaha ta Bori, a tsakiyar ƙasar Ogoni, ita ke ɗauke da sunansa. Ku nemo wanda sawunsa yake a wurin. In bai taɓa dasa ko dogon yaro ɗaya a Abuja ba, ku shirya amsa mai ƙarfi.

Mu cire "Jabi" gaba ɗaya?

Haba jama'a. Jabi, Garki, Utako sunayen garuruwan Gbagyi ne da aka tarar kafin a tsara birnin. Mutanen da suka rasa gonakinsu saboda Abuja, kada ku zo ku raba su da sunan ma, wai da sunan kare muhalli. Ku haɗa biyun: sunan mutumin, sannan Jabi. Tafkin ya riƙe sunansa, lambun bakinsa kawai kuke nema.

Me ke kashe irin wannan buƙata?

Gaggawa da rashin shawara. Ranar 29 ga Mayun 2012 shugaban ƙasa da kansa ya sanar da mayar da Jami'ar Legas zuwa sunan Abiola. Ɗalibai suka fito zanga-zanga, aka je kotu, kuma doka ce ta kafa jami'ar da wancan suna, ba jawabi ba. Har yau Jami'ar Legas ake kiranta. In na shugaban ƙasa ya ƙi zama saboda ba a tuntuɓi masu wuri ba, ina ga na ƙungiyarku?

An amince, amma kowa tsohon suna yake faɗa. Mun faɗi ke nan?

Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Kwandasta har gobe "Berger" da "Area One" yake kira, komai aka rubuta a allo. Bakin mutane yana ɗaukar shekaru. Ku taƙaita sunan zuwa kalma biyu ko uku, ku kafa allo a kowace ƙofa da Hausa da Turanci, ku tura gyara ga Google Maps tare da hoton allon, ku kai wa shugabannin tashar Jabi da direbobin tasi labari.

Shi ke nan sai biki?

Wannan ce tambayar da ke ɓata mini rai. Ku je bakin ruwan washegarin ruwan sama na farko, ku ga ledojin fiya wata da robobin lemo da magudanai suka kwaso suka jibge a gefe. A kan wannan za ku rataya sunan mutumin da ya yi yaƙi da ƙazanta? Tun a takardar farko ku nemi a rubuta wanda zai kwashe shara da sau nawa a mako, ku sa AEPB, hukumar kare muhalli ta Abuja, a ciki. A sa raga a bakin magudanan da ke zuba a tafkin, a riƙa yashe ta, don ragar da ta toshe ambaliya take jawowa. Itatuwan da za a dasa ranar biki a dasa su da farkon damina, wajen Mayu ko Yuni, kowanne da kejinsa saboda awaki da dawakin haya, kuma a san wanda zai ba su ruwa daga Nuwamba zuwa Maris.