Annie Brackett

Annie Brackett ƙirƙirarriyar budurwa ce a jerin finafinan ban tsoro na Amurka masu suna Halloween. An fara ganinta a fim na farko da ya fito a 1978, wanda John Carpenter ya ba da umarni, kuma shi da Debra Hill suka rubuta labarinsa. Nancy Kyes ce ta fito a matsayinta, a lokacin tana amfani da sunan Nancy Loomis. A cikin labarin, Annie ƙawar tauraruwar fim ɗin, Laurie Strode, ce ta kusa, 'yar Leigh Brackett shugaban 'yan sandan garin Haddonfield, kuma ita ce ta farko cikin ƙawayen Laurie da makashin labarin, Michael Myers, ya kashe.

Matsayinta a fim ɗin 1978

Labarin ya gudana ne ran 31 ga Oktoba, daren bikin Halloween, a Haddonfield, wani gari na ƙirƙira a jihar Illinois. Michael ya kashe yayarsa Judith a 1963 yana ɗan shekara 6, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali na Smith's Grove, bayan shekara 15 ya tsere ya koma garinsu.

Annie ɗalibar sakandare ce mai baki, ga tsiwa ga zolaya. Tun a hanyar dawowa daga makaranta, lokacin da Michael ya wuce su a mota, ita ce ta ɗaga murya ta yi masa gatse, ba ta san wanda take yi wa ba. Motar ta ja birki, ta ɗan tsaya, sannan ta tafi. Da yamma ta ɗauko Laurie a mota, suka ci karo da mahaifinta a ƙofar wani shago da aka fasa aka saci abin rufe fuska da igiya da wuƙaƙe. Uban na tsaye yana zargin yaran unguwa, alhali ɓarawon yana biye da motar 'yarsa.

Da dare ta je gidan su Wallace renon ƙaramar yarinya Lindsey, ita kuma Laurie tana tsallaken titi tana renon Tommy Doyle. A nan fim ɗin ya daɗe a kanta, kuma nan ne gwanintarsa take. Annie na waya tana tsokanar Laurie a kan wani saurayi, Ben Tramer. Man shanu ya zube mata a tufafi, ta fita ɗakin wanki da ke bayan gida, ƙofa ta rufe da ita, ta maƙale a taga har sai da Lindsey ta zo ta cece ta. Duk wannan lokaci mai kallo yana hango Michael a bayan gilashi ko a lungun duhu, ita kuwa ba ta gan shi ko sau ɗaya ba. Karen gidan ne kaɗai ya ji shi, shi ma Michael ya kashe shi.

Da saurayinta Paul ya kira (muryar Carpenter ce a wayar), sai ta kai Lindsey wurin Laurie don ta je ta ɗauko shi. Ta tarar da mota a kulle, ta koma cikin gida ta ɗauko makulli tana 'yar waƙarta. Da ta dawo sai ƙofar ta buɗe ba tare da ta sa makullin ba, hankalinta bai kai ba. Sai da ta zauna ta lura gilashin ya yi raɓa daga ciki, alamar akwai mai numfashi. Michael ya taso daga kujerar baya ya shaƙe ta, ya yanke mata maƙogwaro. Tommy ya hango shi ta taga ɗauke da gawar, amma Laurie ta ɗauka tsoron yara ne. Daga baya Laurie ta tarar da ita a shimfiɗe kan gado, an kafa dutsen kabarin Judith Myers a saman kanta.

An wuce rabin fim ɗin kafin a kashe ta, kuma jinin da aka nuna kaɗan ne. Abin da ya sa mutuwar take da nauyi shi ne mai kallo ya riga ya saba da ita. Ana danganta hirar 'yan matan da Debra Hill, wadda ta taɓa yin renon yara tana budurwa, kuma daga garin da ta tashi, Haddonfield na jihar New Jersey, aka aro sunan garin. Finafinan da suka biyo sahu a shekarun 1980 da yawansu sun kwaikwayi kisan, kaɗan ne suka yi haƙurin gina wadda za a kashe kamar yadda aka gina Annie.

Bayan mutuwarta

A Halloween II na 1981, wanda Rick Rosenthal ya ba da umarni, Kyes ta sake fitowa na ɗan lokaci a matsayin gawa. An fito da ita kan gadon ɗaukar marasa lafiya, mahaifinta, wanda Charles Cyphers ya fito a matsayinsa, ya yaye mayafin, ya rufe mata ido, ya juya ya ɗora wa likitan Michael, Dakta Sam Loomis, laifin barinsa ya fita. Daga nan ya tafi gida, bai sake bayyana a fim ɗin ba. Irin waɗannan finafinai ba kasafai suke tsayawa su nuna iyayen wanda aka kashe ba. Shekara 40 bayan haka, a Halloween Kills na 2021, Cyphers ya dawo a matsayin Brackett, tsoho mai gadin asibiti da har yanzu yake ɗauke da ciwon rashin 'yarsa, ya shiga cikin taron da ya yi wa Michael ƙawanya, ya mutu a hannunsa.

Annie ta Rob Zombie

Da darakta Rob Zombie ya sake yin labarin a 2007, Danielle Harris ce ta zama Annie, Brad Dourif kuma mahaifinta. Harris ba baƙuwa ba ce a jerin, domin tana ƙarama ta fito a matsayin Jamie Lloyd a kashi na 4 da na 5, a 1988 da 1989. A wannan karon Michael ya kashe Paul, ya ji wa Annie munanan raunuka, amma ta rayu. A ci gaban da ya fito a 2009 Laurie na zaune a gidansu, Annie ta zama mai shiru, da tabo a fuska, tana ɗawainiyar ubanta da ƙawarta. Michael ya same ta a gida, ta cika a hannun Laurie.

Ra'ayin masu nazari

Mai nazarin finafinai Carol Clover, a littafinta na 1992, ta yaɗa kalmar "final girl", wato budurwar ƙarshe, da ake kiran budurwar da ke tsira ita kaɗai a ƙarshen irin wannan fim, kuma Laurie na cikin manyan misalanta. Wasu sun riƙa karanta mutuwar Annie da ta ƙawarsu Lynda a matsayin horo ga 'yan matan da samari suka ɗauke wa hankali. Carpenter da Hill sun musanta cewa wa'azi suke yi. Bayanin da ya fi dacewa da abin da ke cikin fim ɗin shi ne Laurie ta tsira domin tana lura da abin da ke kewaye da ita, Annie kuwa hankalinta na wani wuri, har ƙofar da ta bari a kulle ta buɗe mata ba ta tambayi dalili ba.